Celo biyu da hunturu uku: yadda wata malamar kiɗa a Kaduna ta samu wanda ya dace da ita

Asalin lamarin

Malamar da wannan nazari ya shafa tana koyar da kiɗa a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Na san ta ne ta wurin aiki, kuma na bi lamarin nan tun daga farkonsa, har wasu wuraren ina tsaye aka yi. Fiyano ta fara koya tun tana yarinya. Celo kuwa sai a watan Mayun 2018 ya shiga ranta, ranar da ta ga Sheku Kanneh-Mason, matashin nan ɗan Notingam wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Saliyo ce, yana kaɗa shi a bikin auren Yarima Harry. Da bautar ƙasa ta kai ta Legas a 2021, ta samu wani malami da ya yi karatu a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, ta yi wata takwas tana ɗaukar darasi da celo na aro. Ta dawo gida a farkon 2022 da ɗan abin da ta koya, ba ta da abin da za ta kaɗa.

Ga wanda bai san shi ba, celo babban ɗan'uwan goge ne daga ƙasar Italiya. A zaune ake kaɗa shi, a jingina shi a ƙirji tsakanin gwiwoyi, ƙafarsa ta ƙarfe tana kafe a ƙasa. Tsirkiya huɗu gare shi, C da G da D da A, ana goga su da baka mai izgar doki wadda aka shafa wa ƙaro. Cikakken girmansa, wanda ake rubuta wa 4/4, gangar jikinsa kan kai santimita 75 zuwa 76, tsirkiyar da ke kaɗawa kuma kusan santimita 69. Fuskarsa icen sifurus ne mara nauyi, baya da gefuna icen mefil, allon yatsu kuma baƙin ice ne na dangin kanya, wanda da yawansa daga dazuzzukan Kamaru ake saro shi.

Abubuwa biyu a jikinsa ba a manna su da komai, kuma a kansu wannan labari ya rataya. Na farko jaki, kamar yadda masu goge ke kiran ɗan icen da tsirkiya ke hawa. Na biyu turke, wani ɗan sanda mai kauri kamar milimita 11 da ke tsaye a ciki tsakanin fuska da baya, kusa da ƙafar jaki ta ɓangaren siraran tsirkiyu. Ƙarfin jan tsirkiyu bayan an ɗaure su, wanda ya haura kilo 50 in an haɗa su huɗun, shi kaɗai ke riƙe da su biyun. Faransawa da mutanen Italiya “rai” suke ce wa wannan turke.

Tsayin malamar mita 1.55 ne, hannunta ƙarami. Abin da take iya warewa a lokacin bai wuce albashin wata biyu ba.

Yuli zuwa Agusta 2022: sayen farko

A intanet ta ga talla: celo 4/4, “zallan katako”, da baka da jaka da ƙaro, duka a kan kuɗin da ya yi daidai da dala 300. Mai shagon ya turo hotuna huɗu da bidiyon wani yana kaɗa celo mai daɗin sauti. Ba ta tambaya ko wanda ke cikin bidiyon shi za a aiko mata ba. Ba ta kira malaminta ba, domin tana so ta ba shi mamaki. Yayanta ya ce mata, “Ƙanwata, wannan ai cinikin biri a sama ne,” ta ce ai akwai hotuna.

Kayan ya iso tasha a tsakiyar Agusta, cikin kwali, an ɗora masa buhuna. Jakin yana kwance, an naɗe shi a takarda, kuma haka akan aiko irin waɗannan. Da ta ɗaga celon sai ta ji wani abu yana gangarawa a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Ta kafa jakin, ta fara murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya, sannan zuciyarta ta ba ta ta kira Legas. Malamin bai bari ta gama bayani ba ya ce, “Malama, tsaya haka nan, saki tsirkiyun yanzu. Turken ne ya faɗi. In kika ɗaure su ba shi, fuskar za ta lotsa.”

Mai shagon ya ce shi lafiya lau ya sa kaya a mota. Daga nan ya daina amsa saƙo.

Sauran aibobin a hankali suka fito. Allon yatsun ba baƙin ice ba ne, farin katako ne aka rina, yana barin baƙi a yatsu. Jakin ba a sassaƙe ƙafafunsa daidai da tudun fuskar ba, takarda na shiga ƙarƙashinsu. Bakan kuma ya karkace gefe guda.

Satumba 2022: gyaran kafinta

Ta nemi mai gyaran irin waɗannan kayan kiɗa a Kaduna ba ta samu ba. Mai gyaran gita ya duba ya ce ba aikinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗi gaskiya. Sai aka haɗa ta da wani kafinta mai hannu, wanda ya kalli bidiyo biyu a waya ya ce, “Hajiya, kada ki damu, ƙaramin aiki ne.”

Turken asali ya ga ya yi masa gajarta, yana ta faɗuwa, sai ya yanko sabo daga katako mai tauri, ya fi na farko tsawo, ya tura shi da waya ta ramin da ke fuskar celon mai siffar harafin f, ya cusa shi da ƙarfi har ya tsaya ƙyam. Don kada ya sake faɗuwa ya ɗiga masa farin gam sama da ƙasa. Ƙafafun jaki ma ya manne su. A watan Satumba ne, ruwa na sauka kusan kullum, icen celon ya sha laima ya buɗe iyakar buɗewarsa.

Celon ya yi sauti. Sautin a shaƙe yake, tsirkiyar A tana ƙara kamar ƙarfe, amma ta samu abin da za ta yi atisaye da shi. A ƙarshen allon yatsu tsirkiyar A na sama da shi da milimita 9, C kuma milimita 13. Abin da masu sana'ar ke bi shi ne kamar 5.5 da 8. Bayan mako shida tana danna irin wannan tsirkiya, tsintsiyar hannunta ta hagu ta fara ciwo, ƙaramin yatsa kuma ba ya kai inda ya kamata sai ta murɗe hannu. Ta ɗauka rashin ƙwarewa ne, ta ƙara lokacin atisaye daga minti 40 zuwa awa ɗaya da rabi. Ciwon ya hau har gwiwar hannu.

Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: hunturu

A Kaduna laimar iska kan haura kashi 80 cikin 100 a watan Agusta, sannan ta sauko ƙasa da kashi 20 da rana a tsakiyar hunturu. Ice yana bin iska: ya sha laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Tsukewar a faɗi take faruwa, ba a tsawo ba. Fuskar celo ta kai faɗin santimita 44 daga ƙasa, don haka tana neman ta ja da milimita da dama. Turke kuwa a tsawonsa yake tsaye, ba ya raguwa. Gangar jiki na matsewa, shi yana nan yadda yake, yana tokare ta daga ciki.

Kunnuwa ne suka fara saki, ta wayi gari tsirkiyu sun kwance. Sannan a mako na biyu na Janairu, da daddare, ta ji ƙara ɗaya daga kusurwar ɗaki kamar an karya kara. Da safe ta ga tsaga a fuskar celon, ta taso daga gefen ƙafar jaki, daidai kan turken, ta gangara santimita 14.

Ta tura hotuna Legas, malamin ya nuna wa wani mai gyara. Bayaninsa shi ne, masu ƙera celo na ƙwarai da gam na fatar dabba suke haɗa fuska da gefuna, kuma da gangan suke tsinka shi, domin in ice ya ja, haɗin ya buɗe kafin icen ya tsage. Haɗi in ya buɗe aikin yini ɗaya ne. Wannan celon da gam na zamani aka manne shi, icen ɗanye ne ba a bari ya shekara ya bushe ba, ga turke mai tsawo da aka manne. Ba inda ƙarfin zai fita sai ta fuska. Gyaran irin wannan tsaga sai an cire fuskar ɗungurungum an sa faci daga ciki, kuma kuɗinsa ya fi kuɗin celon. An yi gyaran gangar Auzinawa.

Akwai wani dattijo mai goge a unguwarsu da ya zo ya duba. Abin ya ba shi mamaki, domin nasa gogen damina ce ke wahalar da shi: fatar da ke kan ƙwaryar ta yi laushi, sai ya shanya ta ko ya kanga ta a wuta kafin ta yi magana. Ya shafa tsagar ya ce, “'Yata, wannan baƙo ne. Baƙo kuwa sai an san abin da jikinsa ke so.”

Afrilu 2023: tsohon celo a Abuja

Wata uku ba ta taɓa kiɗa ba, hannun ya warke. Sai labari ya zo cewa wani ma'aikacin ƙasar waje da zai bar Abuja yana sayar da tsohon celo, dala 1,200. Muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa muka je tare.

Wannan kam celo ne. Launinsa ja mai duhu, ya sha hannu, tsirkiyar C in aka goga ta sai ka ji ta a ƙirjinka. Malamar ta kaɗa layi biyu idonta ya kawo ruwa. Ta leƙa ta rami ta ga takarda a manne a ciki da sunan Antonius Stradivarius, shahararren maƙerin irin waɗannan kayan kiɗa na Italiya, da garinsa Kiremona. Mai celon mutumin kirki ne, bai ce na Stradivari ba ne, ya ce dai haka ya gāje shi. Antonio Stradivari ya rasu a 1737, celonsa da suka rage a duniya kusan 60 ne, kuma yawancinsu an san inda suke. Amma daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, garuruwa irin su Markneukirchen a Jamus da Mirecourt a Faransa sun fitar da dubban kayan goge masu ɗauke da irin wannan takarda, ma'anarta kawai an bi fasalinsa. Wasu cikinsu suna da kyau ƙwarai. Takardar dai ba ta ƙara komai, ba ta rage komai.

Wannan karon ta kira malaminta ta bidiyo kafin a yi maganar kuɗi, shi kuma ya bi da ita mataki-mataki. Ta ƙwanƙwasa gefuna da gaɓar yatsa zagaye, tana sauraron inda sauti zai canja, alamar haɗi ya buɗe: wuri biyu. Ta auna tsayin tsirkiya da rula: C tana milimita 12, alamar wuyan ya sunkuya. Sannan ya ce a rufe labule, a saka fitilar waya ta rami ɗaya, a duba bayan celon daga waje da ciki. A nan muka ga wani siririn layi kamar gashi, tsawonsa bai fi santimita 6 ba, daidai inda turke ke taka baya. An taɓa shafe shi da fenti.

Malamin ya yi shiru, sannan ya ce tsagar turke ta baya ita ce wadda masu wannan sana'a suka fi tsoro, domin kullum nauyin tsirkiyu na tura ta ta buɗe, kuma ko an gyara ta da kyau takan zubar da kusan rabin darajar celo. Ya ƙara da cewa wannan ya zauna a gida mai na'urar daidaita laima, ba a san yadda zai yi da ɗakin haya a Kaduna ba. Sai ya ce ta ɗora yatsu a matsayi na farko a tsirkiyar A, ta buɗe hannu daga gurbin sautin B-filat zuwa na D. A cikakken celo wannan tazara ta kai santimita 13 da ɗoriya. Ƙaramin yatsanta ya kai, amma yana rawa, babban yatsa ya ƙage a bayan wuya. Ya ce, “Malama, ko lafiyarsa ƙalau, ya fi ƙarfin hannunki. Wata takwas ina kallon hannun nan, ya kamata in faɗa miki tun kina nan.”

Ta mayar da shi akwati da kanta. Har muka iso Kaduna ba ta ce uffan ba.

Yuni zuwa Oktoba 2023: tara kuɗi da zaɓe

A tsakiyar Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira, dala ta tashi daga kusan 460 a hukumance zuwa sama da 750, kafin Oktoba kuma ta haura 1,000 a kasuwar bayan fage. Duk kayan nan daga waje ake shigo da su. Abin da ta tara ya koma bai kai rabin abin da take buri ba. Ta shiga adashi, ta ƙara ɗaliban fiyano na yamma, yayanta ya cika mata.

Tsarin da suka yi da malamin mai sauƙi ne: ba za a kashe duka kuɗin a kan celo ba. Kashi biyu cikin uku na celo, sauran na mai gyara da baka da akwati mai tauri. Kuma ba za a biya ko kwabo ba sai mai gyara ya duba.

A hutun tsakiyar zango na Oktoba ta je Legas. An haɗa mata celo uku a ɗaki ɗaya, biyu 4/4, ɗaya 7/8 wanda ya ɗan gaza cikakken girma, duk ƙirar Sin, inda yanzu ake yin mafi yawan kayan goge na ɗalibai, musamman garin Huangqiao na lardin Jiangsu. Malamin ya zaunar da ita a ƙarshen ɗaki ta juya baya, ya kaɗa abu ɗaya a kowanne da baka ɗaya, bai gaya mata farashi ba. Dalilinsa shi ne, abin da mai kiɗa ke ji a ƙarƙashin kunnensa dabam yake da abin da ke isa ga mai sauraro. Kunnenta ya zaɓi ɗaya daga cikin manyan, ƙaramin ya zo na biyu. Da ta zauna ta kaɗa da kanta, na minti 20 kowanne, lissafin ya juye. Tsirkiyar 7/8 ba ta gaza ta babban da fiye da santimita 2 zuwa 3 ba, abin da ya ragu a buɗewar yatsu kusan rabin santimita ne kawai, amma hannunta ya zauna bai ƙage ba. Ta kwana ta sake gwadawa da safe, sakamakon bai canja ba.

Wanda ta ɗauka fuskarsa sifurus ne da aka sassaƙa, baya da gefuna kuma filawud mai falle-falle. Wasu na raina irin wannan. Amfaninsa shi ne fallayen a gicciye suke, ba sa tsukewa kamar zallan katako, kuma da wuya su tsage. Allon yatsunsa baƙin ice ne na gaske.

Mai gyaran ya riƙe shi kwana uku. Da ya ji Kaduna za a kai shi, ya sassaƙa sabon turke na sifurus bai matse shi sosai ba, don ya bar wa hunturu wuri. Ya yanka jaki biyu, na damina da wani mai ɗan ƙarin tsayi na hunturu, saboda tsirkiyu kan sauko kusa da allo in iska ta bushe. Ya gyara zaman kunnuwa, ya sa tsirkiyun kamfanin Jargar a A da D. Haɗin tsirkiyun Larsen da Spirocore da ƙwararru da yawa ke so ya fi ƙarfin aljihunta. Baka ta ɗauki na zaren kabon mai nauyin giram 80, wanda zafi da bushewa ba sa karkata shi. Bakan ƙwararru da icen farnambuko na Barazil ake yi, icen da aka sa wa takunkumin ciniki tun 2007 don ya kusa ƙarewa. Akwai wani gurnani da sautin F ke yi a tsirkiyar G, abin da masu sana'ar ke kira kukan kyarkeci, wanda yawancin celo ke da shi. Ya ɗaura ɗan ƙarfen tagulla a tsirkiyar a bayan jaki, ya lafa.

Kujera biyu ta biya a mota, ɗaya tata ɗaya ta celo. Ta ɗan sassauta tsirkiyu amma ba ta sake su duka ba, don kada turke ya faɗi.

Nuwamba 2023 zuwa 2025: zama da shi

Ta sayi ƙaramin ma'aunin laima guda biyu, ɗaya a bango, ɗaya a cikin akwati. A Janairun 2024 na bangon ya nuna 17. Ta ajiye randa cike da ruwa a ɗakin tana rufe taga, ya hau zuwa 26, bai wuce nan ba. Akwatin ne ya yi aikin: soso mai danshi a cikin gwangwanin sabulu da aka huda, a matse shi sosai don kada ya ɗiga, a jiƙa shi safe da yamma. Cikin akwatin ya tsaya tsakanin 40 da 48. Abin da ake nema wa celo 40 zuwa 60 ne. Ba ta barin shi a waje in ba kaɗawa take ba, ba ya kwana a mota, ba ya zama kusa da taga.

A Fabrairun 2024 ta ji wani zuzu-zuzu a tsirkiyar C. Ta ƙwanƙwasa gefuna kamar yadda aka koya mata a Abuja, ta samu haɗi ya buɗe santimita 5 daga ƙasa. Ba ta sa masa komai ba. Ta sassauta tsirkiyu kaɗan, ta jira har mai gyaran ya zo Abuja wani aiki a Maris, ya manne shi da gam na fata, ta dawo da shi washegari. Da damina ta cire soson ta sa ƙunshin sinadarin tsotse laima. Hunturun da ya biyo baya ya wuce ba abin da ya buɗe. Ciwon hannu bai dawo ba, tana atisayen awa ɗaya a rana.

Abin da ya kasa, abin da ya yi aiki

A ganina araha ba ita kaɗai ta kashe celon farko ba. Da an sa masa turke daidai, ba gam, an ajiye shi a akwati mai danshi, mai yiwuwa ya kai shekara biyu ko uku, duk da ɗanyen icensa. Abin da ya kashe shi, an saye shi daga hannun wanda ba a iya komawa wurinsa, a garin da ba mai gyara, sannan aka auna turkensa da damina aka manne. Kafintan ban ga laifinsa sosai ba. Duk sana'arsa ta ginu ne a kan haɗi ya kama kada ya saki, celo kuwa an gina shi ne a kan wasu haɗe-haɗen su saki.

Ciwon hannun abu biyu ne suka haɗu, tsayin tsirkiya da girman celo, kuma na fi jin zafin wannan, domin malamar ta yi wata uku tana zargin kanta. Manya da yawa, musamman mata, ana miƙa musu 4/4 don kawai sun girma, ba a duba hannu. Celon Abuja ya fi wanda ta saya sauti nesa ba kusa ba, ita ma ba ta musun haka. Barin sa shi ne shawara mafi wuya kuma mafi daidai a duk tafiyar, kuma fitilar waya da rula da kiran minti 30 ne suka yanke ta.

Kuɗin da ya tafi wurin mai gyara da akwati da ma'aunin laima, wanda a lokacin ta ji kamar an rage mata darajar celo ne, shi ya sa yake raye. Celo na zaren kabon, irin wanda kamfanin Luis and Clark ke yi a Amurka, shi ne zai fi dacewa da iskar Arewa, amma kuɗinsa dubban daloli ne. Ga mai albashin koyarwa, fuskar sifurus da bayan filawud sun isa.

Matsala ɗaya na nan ba ta warware ba: in turke ya faɗi gobe, sai Legas ko a jira mai gyara ya biyo ta Abuja. Ta yi odar ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake tsayar da turke da shi. Tsohon celon da ya tsage ta sa an cire masa fuska an kankare gam ɗin, ɗalibanta na ganin cikinsa a aji, ita kuma da shi take koyon tsayar da turke a ranakun Asabar.